Furen Bokitin Fenti

Sati uku ke nan Baba bai ce uffan ba. Tun ranar da ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa kuma ya bi. Idonsa biyu, yana haɗiye abin da aka sa masa a baki, amma in ka tsaya a gabansa sai ya dube ka yadda ake duban bango. Likita ta gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa in zai yi magana, to a 'yan makonnin nan ne, in suka wuce sai dai mu saba da shirun. Ta ce mu riƙa kawo masa abubuwan da ya sani, waɗanda ransa ke so, ko Allah zai sa wani abu ya motsa.

Mu uku ne ke jinyarsa. Akwai Yaya, wanda ya ba ni shekara tara, direban babbar mota ne. Akwai Gwaggo, ƙanwar Baba. Sai ni, Auta. Yaya ya kawo masa 'yar rediyonsa da hular da ya fi so. Gwaggo kuwa kuka ta kawo, kuma ba ta yi rowarsa ba, safe da yamma, har masu jinyar gadon kusa da namu suka fara ba ta haƙuri kafin ta fara. Ni ban kawo komai ba. Nakan zauna a kujerar roba in zuba wa jijiyoyin bayan hannunsa ido, ina lissafin ta inda ya kamata haske ya shigo in da hoto zan ɗauka. Ban ji baƙin ciki ba, ban ji tsoro ba. Na yi ta lalube a cikina kamar mai neman makulli a jaka, ban taɓo komai ba.

Gwaggo ta lura. Wata rana ta share hanci ta ce, "Ke wai Auta, ubanki ne fa a kwance. Me ke cikin ƙirjin nan naki?"

Na ce, "Ban sani ba, Gwaggo."

Gaskiya na gaya mata, ita kuma ta ɗauka rashin kunya ce, ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Sana'ata ɗaukar hoton fure. Ba irin wanda kowa ke ɗauka da waya ba. Ni matsawa nake yi har sai furen ya daina kama da fure, a ga 'yan jijiyoyinsa da gashin jikinsa da ɗan garin nan rawaya da ke cikinsa ƙwaya-ƙwaya. Sai a buga shi ƙato, a rataye a otal ko a ɗakin jiran likitan haƙori, mutane su kalla su manta da abin da ya kawo su. Da shi nake ci, da shi nake sha, amma a gidanmu har yau ba a yarda aiki ba ne. Yaya yakan ce na yi shekara huɗu a makaranta don in ɗauki hoton abincin akuya. Ranar da ya sami motarsa ya ce in ɗauke shi a jikinta, na dawo masa da hoton tsatsar da ke kan ƙusar taya. Tun daga ranar bai ƙara roƙona hoto ba.

Baba ne kaɗai bai taɓa yi mini dariya ba, bai kuma taɓa yaba mini ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin lambu a wani babban otal kafin ya ajiye aiki. In na nuna masa hoto sai ya riƙe shi nesa da fuskarsa, ya faɗi irin shukar, ya faɗi ko tana samun ruwa yadda ya kamata, ya miƙo mini abina. Gidansa kuwa babu wurin sa ƙafa saboda tukwane da gwangwanaye da tsofaffin robobi, kowanne da abin da ke tsiro a ciki.

A cikinsu akwai wani tsohon bokitin fenti a bayan ƙofar kicin. Shukar da ke cikinsa mai kai ce kamar albasa a ƙasa, ganyenta dogaye masu faɗi. Wannan ba sayo ta ya yi ba, shi ya haɗa ta da hannunsa. Ya ɗebi garin wani jan fure da gashin kaza ya shafa wa wani fari, ya jira ya yi iri, ya shuka ƙwaya goma sha ɗaya, ɗaya ta rayu. Shekara bakwai tana ba shi ganye. Shi kansa bai san kalar da za ta fito ba. In na je gaishe shi da safe nakan same shi a tsugune a gabanta.

"Yau ma ganye ne, Baba?"

"Ganye ne, Auta. Ba ta sauri."

Saura kwana kaɗan ya faɗi sai ga kara ya ɓullo daga tsakiyar ganyen, da ɗan kumburi a kansa. Bai kira kowa ya gaya masa ba, amma ya matso da kujerarsa kusa da bokitin.

Ranar Talata da safe Yaya ya kira ni. Ya biya gidan ya ba shuke-shuken ruwa kafin ya kama hanya, don yana da lodin da zai kai wani gari, kwana biyu.

"Auta, abin Baba ya buɗe! Wallahi ya buɗe. Na kira asibiti na ce zan kawo bokitin, babbar nas ta ce ko cokali ɗaya na ƙasa ba zai shiga ɗakin ba. To ga ranarki ta zo. Ki je ki ɗauko masa shi, ki buga babba. In Baba ya ga wannan bai yi magana ba, to ban san me zai sa shi ba." Sai ya ƙara da cewa, "Furen na ce, ba hannun bokitin ba."

Na haɗa kayana na tafi.

Gidan yana nan yadda aka bar shi. Takalmin Baba ƙafa ɗaya a kife a bakin rariya, ba wanda ya ɗauke. Ni ma na tsallake shi. Furen guda ɗaya ne tak a kan kara mai tsayi har gwiwata, faɗinsa ya kai tafin hannu a buɗe. Bakin-bakinsa fari ne, ja ya taso daga ciki ya bazu zare-zare, can cikin maƙogwaronsa kuma kore. Ya ɗan sunkuyar da kai gefe, yana duban ƙofar kicin. Na san abu ne mai kyau, yadda mutum ya san ranar haihuwarsa. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta.

Ga inda aikin yake. In ka matsa kusa da abu irin yadda nake matsawa, abin da ke fitowa tangaran bai wuce kaurin gashi ɗaya ba, sauran duk dishi-dishi. Saboda haka ba hoto ɗaya ake ɗauka ba. Sittin ake ɗauka, ko saba'in, kowanne ka ɗan gusa da idon kyamarar ciki kaɗan, daga baya kwamfuta ta haɗe su su zama ɗaya. Amma da sharaɗi, kada furen ya motsa. In ya motsa sau ɗaya, aikin ya tashi a banza, sai ka koma farko.

A lungun nan kuwa, tsakanin kicin da katanga, iska ba ta hutawa. Ba wata iskar kirki ba ce, 'yar wadda mutum ba zai ma ji ta a fatarsa ba, amma a cikin kyamara furen sai rawa yake yi. Na kare shi da kwali. Na buɗe lema na jingine. Na cire mayafina na ɗaura tsakanin ƙofa da igiyar shanya. Na kai hoto na goma sha tara, ya kaɗa. Na koma farko, na kai na ashirin da shida, ya kaɗa. Rana ta fara leƙowa ta kan katanga, hasken yana lalacewa.

Sai na yi abin da nake yi kusan kullum ta Allah. Na sa hannu a aljihun gefen jakata na ɗauko almakashi, na yanke karan daga tsakiya.

In na ce na yi tunani na yi ƙarya. Furen da na yanke a rayuwata sun fi dubu, na kasuwa, na bakin titi, na lambun mutane da izininsu, hannuna ya riga ya san hanya. Karan ashe rami ne a cikinsa, ya yi ɗan ƙas, ruwa ya ɗigo mini a wuyan hannu. Na goge a jikin zanina.

Na shiga da shi ɗakin Baba na rufe taga, na rufe ƙofa. Na rataye baƙin ƙyalle a jikin kabad, na maƙale karan da ɗan matsin ƙarfe a jikin kujera, na kunna fitilata. Na ɗaga kan furen ya dubi sama, don hasken ya sauka har cikin koren. A nan komai ya tsaya cak. Ko numfashina ba na bari ya taɓa fure in ina aiki. Nakan riƙe shi in danna, in juya fuska gefe in sauke, in shaƙi wani, in juyo. Haka na yi awa uku a kan tabarmar Baba. Hoto tamanin da huɗu. Wajen ƙarshe na ga bakin falle ɗaya na furen ya fara lanƙwasa saboda zafin fitila, na ce ba komai, ya ma ƙara masa fasali.

Da na haɗa su a kwamfuta da yamma na ga ban taɓa ɗaukar hoto kamarsa ba. Na kalle shi, na jira in ji daɗi, shiru. Na rufe kwamfutar na wanke kwanukan jiya.

Mai buga mini hoto dattijo ne mai ƙaton tabarau, shagonsa na warin tawada da sabuwar takarda. Ya buɗe hoton ya yi baya da kujerarsa.

"Kai! Uwar furanni, wannan wane otal ne ya ci sa'a?"

"Na Baba ne. Asibiti zan kai masa."

"Allah sarki. Yaya jikin nasa?"

"Yana nan."

Ya leƙo ni ta saman tabarau, yana jiran in ƙara wani abu. Da ya ga babu, ya ce injin yana da aiki a kansa, in dawo jibi da rana. Kwana biyun nan daga ɗakina sai asibiti. Gidan Baba ko a raina bai zo ba.

Ranar Alhamis na shiga ɗakin da hoton a nannaɗe a hammata. Yaya ya dawo, daga hanya ya zarce, ko riga bai sake ba. Gwaggo na gyara wa Baba matashi. Shi kuma yana kwance yadda na bar shi, idonsa a kan silin.

Yaya ya tare ni da murna. "Auta, kin ji labari? Likita ta ce ranar Asabar za su sallame shi. Ta ce abin da ya rage ba na asibiti ba ne, gida ya fi masa. Kuma kin san me? Baba ya taɓa ce mini irin wannan furen yana kwana goma a buɗe. Yau kwana uku. Zai je ya tarar da abinsa, mu ajiye masa kujera a gabansa."

Maganar ta shiga kunnena, na fahimce ta sarai. Na tsaya ina kwance zaren da aka ɗaure hoton da shi. Ƙullin ya ƙi, na sa haƙori.

Yaya ya kama gefe ɗaya, Gwaggo ta kama ɗaya, suka ware shi a ƙarshen gado. Faɗinsa ya kusa kai faɗin gadon. Gwaggo ta leƙo ta sama ta karkata kai.

"Wannan kuma mene ne? Ni fa kamar an buɗe bakin mutum ana duba maƙogwaro."

"Gwaggo, fasaha ce," in ji Yaya. "Ni ma ban gane ba, amma fasaha ce. Baba, duba. Furenka ne. Na bokitin fenti."

Da farko ba abin da ya faru. Sai idon Baba ya sauko daga silin. Ya sauka a kan hoton ya tsaya, ya bi jan zaren nan daga ciki zuwa baki, a hankali, ya koma. Sati uku ban ga idonsa ya bi wani abu ba. Hannun Baba na hagu ya taso daga kan bargo, suka matso masa da takardar. Bai taɓa tsakiyar furen ba. Ya kai yatsa kan fallen nan da ya lanƙwasa, ya daɗe a wurin. Daga nan ya dubi baƙin da ke bayan furen, inda ya kamata a ga katangar gidansa, ya dubi yadda kan ya miƙe sama. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya a lambu ba sai an gaya masa ba.

Bakinsa ya fara motsi. Gefe ɗaya ne ke aiki, miyau ya gangaro. Muryar ta fito a shaƙe, kamar ba tasa ba.

"Kin... yan... ke."

Yaya ya saki takardar. "Ya yi magana! Gwaggo, kin ji? Baba ya yi magana!" Ya fita da gudu neman likita, ya yi karo da kwandon shara a bakin ƙofa bai waiwaya ba. Gwaggo ta fashe da kuka tana godiya ga Allah, ta rungume ni har ta danne mini kunne, ta ce ta yafe mini duk abin da na yi mata, ta zari wayarta ta fita waje don ta gaya wa dangi. Sun ji abin da ya faɗa, ba wanda ya tsaya aunawa. Ko me ya ce, a wurinsu magana ce.

Ya rage daga ni sai shi. Hoton ya nannaɗe kansa a kan ƙafafunsa. Ni yake kallo yanzu, ba bango ba.

"Au... ta."

"Na'am, Baba."

Ya san ni. Abin da muka yi sati uku muna roƙo ke nan, ga shi na samu, ina tsaye riƙe da guntun zare.

Na ce, "Iska ce, Baba. Lungun nan akwai iska. In furen yana motsi hoton ba ya fita. Na gwada kwali, na gwada lema."

Ya bar ni na gama. Bai ɓata fuska ba, ko kuwa fuskar ce ba ta iya ɓaci yanzu, ban sani ba. Ya tattara ƙarfinsa, na ga wuyansa yana aiki.

"Yana da... ƙam... shi?"

Sai a lokacin na tuna. Ya taɓa gaya mini, shekarun baya, ina danna waya ina ce masa to, to. Jan furen kyau gare shi amma ba ya ƙamshi ko kaɗan. Farin kuwa ba shi da wani kyau, amma in ya buɗe har ƙofar gida ana jin sa. Abin da ya sa ya haɗa su ke nan. Ba kalar yake jira ba. Kalar ga ta nan na kawo masa, ta kusa cika gado.

Awa uku na yi da furen nan, hancina bai fi yatsa huɗu da shi ba. Na san adadin jijiyoyin da ke kowane falle.

Da na ce masa yana da shi, da ya yarda. Ba wanda zai ƙaryata ni. Na buɗe baki in faɗa, sai na ga yadda yake kallona, irin kallon da yake yi wa bokitin da safe.

Na ce, "Bari in je in dubo, Baba."

A baranda na wuce Yaya da likita suna sauri. Yaya ya ce, "Ina za ki kuma?" Ban tsaya ba. Na tari mota na faɗi unguwa. Direban yana ta ba ni labarin tsadar taya, ina ce masa haka ne.

Ɗakin Baba kwana biyu a rufe, zafi ya dake ni tun daga ƙofa. Baƙin ƙyallena yana rataye a kabad. Furen yana nan a jikin kujera inda na maƙale shi, ba ruwa, ba komai. Ya zube a kan karan ya manne, farin ya koma ruwan ƙasa, jan ya yi baƙi. Na durƙusa na kai hancina har ya taɓa shi, na ja numfashi. Warin ganyen da ya fara ruɓa na ji, da man zafin da Baba ke shafa wa gwiwarsa. Na buɗe fallayen da yatsa, suka yage, na sake shaƙa. Na fita wurin bokitin na tsuguna, na shinshina guntun karan da ya rage, wanda bakinsa ya bushe ya tsuke. Ƙasa ce kawai da tsohon fenti.

Waya ta yi ƙara. Yaya ne, muryarsa cike da murna.

"Auta, likita ta ce alama ce mai kyau ƙwarai! Ta ce wannan aikinki ne. Wallahi na janye maganar akuya, har abada. Amma kina ina? Ya ƙi sauke ido daga ƙofa. Kalma ɗaya yake ta maimaitawa, ƙamshi, ƙamshi. Me zan ce masa?"

A nan abin ya zo mini, ina tsugune a bayan ƙofar kicin. Kunya ce ta fara zuwa, sai tausayin Baba ya biyo ta, sai tsoron da ban ji ba tun ranar da ya faɗi, duk a lokaci ɗaya, har na dafa ƙasa don kada in kife.

Na ce, "Yaya, sa masa wayar a kunne."

Na ji motsin bargo, sai numfashin Baba, mai nauyi, yana shiga yana fita.

"Baba, ni ce. Na zo na tarar ya bushe. Ranar da na ɗauka kuma ban shinshina ba."

Numfashin ya ci gaba. Na ƙirga guda shida.

"To," in ji Baba.

Yaya ya karɓe wayar yana dariya. "Kin ji, Auta? Kin ji? Ya ƙara faɗin wata!"

Na toshe bakina da hannu don kada ya ji ni, na ce masa na ji.